Wasa Hamsin da Sa Hannu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Ya ƙafar Baba, kumburin ya sauka?

Ni lafiya lau, aikin sito yana tafiya, sai dai gwiwa da ke ɗan yi min tsiya da safe. Kada Inna ta ji.

Abin da ya ishe ni maganar alƙalancin ƙwallo ce. Na je ofishin wasannin makarantu don a ba ni damar hura wa manyan 'yan sakandare wasa. Jarrabawar dokoki na ci. Gudun gwaji ma na ci, ko da yake sai da na ga duhu-duhu. Sai matar ofishin ta ce in kawo shaidar wasa hamsin da na hura, kowanne da kwanan wata da sa hannun shugaban makaranta. In babu, in koma kan 'yan firamare shekara biyu. Ni! Shekara goma sha huɗu ina da usur a baki, wa ya taɓa sa min hannu? Ana tashi kowa ke kama gabansa.

Don Allah ka je wurin tsohon hedimastanmu, ya rubuta wasannin da ya tuna na hura a makarantarsa, ya sa hannu, ya buga hatimi. Ƙarshen wata ofishin zai rufe karɓar takardu.

Har tabon goshina na nuna wa matar ofishin, na dutsen da aka jefe ni da shi ranar wasan ƙarshe. Ta duba da kyau, ta ce sannu, amma babu kwanan wata a jiki.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninka