Ɗan farin da ba a ƙirga ba

Tasawa, Laraba bayan isha'i

Saura kwana huɗu taron masana ƙididdiga a Yamai, sai yau na gano ɓaraka a anketin, wato binciken ƙidayar gidaje, da zan gabatar! Na koma ƙauyen Kona duba wani gida. A takardata ƴaƴan Iya Hajo biyar, ga shidda zaune.

Na ce, "Iya, wancan babban fa?"

Ta kau da kai. "Haba ɗan nan, wace uwa ke ƙirga ɗan fari da bakinta?"

Gidaje nawa aka yi mini haka? Shef, shugabana a wurin aiki, ya ce in tafi da lissafin hakanan. In tsaya gaban masana da ƙarya?

Abin haushin, ni ma ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, amma na tsara tambayar yawan ƴaƴa kamar baƙo.