Tabon Ganyen Mangwaron Mama

Assalamu alaikum Yaya Salisu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin ƙasar mutane? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Gwarinpa lafiya lau, Mama ma jiki da sauƙi.

Saura kaɗan a sare mangwaron da Mama ke zama a ƙarƙashinsa. Da damina ganye ya ruɓe a kan tayil ɗin tsakar gida, ya bar tabo baƙi-baƙi. Maigida, Baban Amira, ya ce ya gaji, ranar Asabar zai kira masu sara. Mama ta ji, ta ce kawai, "Ai gidanku ne." Washegari ba ta fito shan inuwa ba.

Abin ya tsaya min a rai. Kwana biyu ina durƙushe da buroshi, ina jiƙa wurin da ruwan zafi da garin sabulu, inda ya ƙi na ɗiga bilic. Yawanci ya fita, na gindin bishiyar ne ya ƙi.

Da Baban Amira ya gani ya ce, "Kowace damina haka za ki yi?"

Na ce, "In ana shara kullum da safe, ba zai kama ba."

Daga nan ya fasa kiran masu sara. Bayana har yau ciwo yake, amma jiya Mama da kanta ta ce a fitar mata da tabarma.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Hadiza