Baba Ya Yi Mini Tafiyar Soja Ranar Awon Ƙafa

Gwaggo, don Allah ki agaza mini da shawara kafin in gurgunta mahaifina da hannuna. Ba wasa nake ba, ko da yake duk wanda na fara ba labarin sai ya yi dariya.

Aikina a asibiti shi ne yi wa mutane shimfiɗar cikin takalmi. Ba irin ta kasuwa ba da ake saya a rage da almakashi. Tamu sai an auna mutum. Mukan sa shi ya yi tafiya daga ƙofa zuwa taga muna kallon yadda dunduniyarsa ke sauka da inda idon sawunsa ke karkata, sannan ya taka wani akwati mai soso, siffar tafin ƙafarsa ta fito sak, mu zuba filasta mu ƙera shimfiɗar a kanta. Kowa da tasa. Ta wani ba ta yi wa wani, ko da cikinsu ɗaya.

Mahaifina mai guga ne. Shekara talatin da ɗoriya yana tsaye bakin tebur ɗaya, dutsen guga a hannun dama, nauyinsa duka a kan ƙafar hagu. Da wannan tsayuwar na yi karatu. Tun ina ƙarama na san yana ɗingishi in yamma ta yi, amma a gidanmu ba a kiran abin da sunansa. In an tambaya sai ya ce hanyar ce ba daidai ba. Duk hanyar da ya bi kuwa ba daidai take ba, har da tsakar ɗakinsa.

Da hannuna ya faɗa a aiki, na ce sai na yi masa tasa. Wata uku ina lallashi kafin ya yarda. Ranar da ya zo, kayansa sun sha sitaci, kuma ya sayo sabon takalmi musamman don kada ya ba ni kunya a gaban abokan aiki. Na ce ya taka zuwa taga. Gwaggo, tunda nake ban taɓa ganin Baba ya yi irin wannan tafiyar ba. Ƙirji a gaba, kai a sama, kamar mai fareti. Ya je ya dawo sau huɗu. Da ya zo taka soson, sai ya ɗaure ƙafar tamau ya ɗage tsakiyarta. Na ce ya saki jiki, ya ce a sake yake, haka Allah ya yi shi. Ni da nake sa manyan mutane su maimaita tafiya sau goma ba na ko ƙiftawa, sai na kasa ce masa ya sake. Ta yaya zan kama ƙafar Baba in murɗa, in nuna masa ban yarda da maganarsa ba? Na rubuta abin da ya nuna mini.

Shimfiɗar ta yi kyau ƙwarai. Aibinta ɗaya, mai ƙafar da na yi wa ita ba a haife shi ba tukuna.

Yau wata biyu kullum tana cikin takalminsa. Ya shaida wa duk layin shagonsa cewa 'yarsa ta warkar da shi. Wanda ya kawo guga sai ya ga shimfiɗa kafin ya karɓi kayansa. Mutum bakwai suka zo wurina ta dalilinsa, har da wani mai ciwon wuya.

Makon jiya na biya shagon ban same shi ba, sai na hango tsohon takalminsa a ƙarƙashin tebur. Na juya shi. Dunduniyar hagu ta cinye ta gefen ciki har ta kusa hujewa, ta dama kuwa lafiya lau. Wato tafin ƙafar hagun ya daɗe da kwanciya, ni kuma na gina masa tudu daidai inda yake kwanciyar. Na tafi na matsa wa Umma, ta ce kullum in ya dawo sai ya tsoma ƙafar a ruwan ɗumi, wurin ya yi bororo har ya fashe, kuma ya hana ta gaya mini. Ta ce ita dai ba ta gaya mini ba, ni ce na tambaya. Ga shi Baba yana da ciwon suga. Na san abin da ɗan ƙaramin rauni ke zama a ƙafar mai suga, don ina ganinsu a bencin asibiti kullum, wasu da sanda, wasu ba ƙafar.

Tsoro nake ji, kuma kunya ta ishe ni. In na ce ya cire, na tona cewa ya ɓoye mini gaskiya, na kuma kunyata shi a gaban mutanen da ya cika wa baki da ni. In na yi shiru, ƙafar ce za ta tafi. Na gwada cewa ya kawo in ɗan gyara, ya ce abin da ba shi da aibi ba a gyara shi. Yaya zan yi?

'Yar Mai Guga

'Yata,

Mu fara da ƙafar, girma zai iya jira. Shimfiɗar nan ta fita daga takalminsa yau, ba gobe ba, kuma likita ya ga raunin. Kin fi ni sanin dalili.

Mahaifinki ba cutarki ya yi niyya ba. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana miƙar da kayan mutane, bai saba a ga nasa a yamutse ba. Ranar nan kin ɗauka majinyaci ne ya shigo, alhali uba ne ya zo ganin wurin aikin 'yarsa. Ya manta cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan nasa laifin ke nan, kuma ƙauna ce ta jawo shi.

Naki ya fi nasa, don ke ce mai ilimin. Kin bar abin da kika gani shekara ashirin, kika rubuta abin da kika gani a minti goma. Ba ki ce ya kawo tsohon takalmi ba. Saboda haka in kika ce masa kuskurenki ne, ba dabara kika yi ba, gaskiya kika faɗa.

Ki same shi a gida shi kaɗai, ba a shago ba. Kada ki ambaci Umma, kada kuma ki nemi ya amsa komai. Ki ce kin ga tsohon takalmin, kin gane awon da kika yi bai yi daidai ba. Ba zai cire don ƙafarsa ba, wannan kin riga kin gani. Amma ki gaya masa in raunin ya girma, layin nan da ya ji yabonki shi zai ce aikinki ne ya lalata masa ƙafa. Don sunanki zai cire.

In raunin ya warke, a sake awo. Ki ba wani abokin aikinki, in da hali dattijo, a yi da yamma bayan ya tashi daga aiki a gajiye, da tsohon takalminsa. Ke kuma ki fita daga ɗakin. A gabanki ba zai iya ɗingishi ba, kada ki tilasta masa. Mutanen layi kuwa, ya ce musu ana yi masa sabuwa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mai yiwuwa ya yi fushi, ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwarki a taƙaice. Ki jure. Fushi yana hucewa, ƙafar da aka yanke ba ta tsirowa. Gara ya juya miki baya ya tafi da ƙafafunsa biyu.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciyar faɗa masa, ya yi wa aikin hannunki albarka.

Gwaggonku