In'inar Akwatin Baba

Litinin, 1 ga Satumba

Baba ya kira ni da rana ina shago, ina tsakiyar cire allon wata laftof. Wai in zo, akwatina ya fara in'ina. Haka ya ce, in'ina. Kwamfutar da na haɗa masa ce a ƙarƙashin talabijin, na zuba masa duk bidiyon gida a ciki. Tun da Mama ta rasu ba ya kallon komai sai su. Tsofaffin suna tafiya lafiya lau. Waɗanda na ɗauka da sabuwar wayata lokacin jinyarta ne matsalar, sai makon jiya na iya daurewa na kwafa masa su. Ta ɗaga hannu, hannun ya maƙale a sama, murya ta wuce ta bar baki a baya. Ya ce, "Uwarku ba ta taɓa in'ina ba. Ka cire mata."

Ya manta ne ko bai manta ba, oho, cewa ni ne mai in'inar gidan tun ina yaro. In'inar ta bar ni da daɗewa, sai raina ya tashi sosai take leƙowa. Na dai ce masa to.

Laraba, 3 ga Satumba

Na je na buɗe akwatin, na kakkaɓe ƙura, na ƙara masa ram, wato ƙwaƙwalwar aiki. Babu abin da ya canja. Kuma wa zan tarar a falo, ya harɗe ƙafa a kujerar da nake zama? Mai Turare, mijin ƙanwata Auta. Shekara guda da auren, har yanzu Baba Ango yake ce masa. Mutum ne da tun kafin ka gan shi hancinka ya gaishe shi. Inshora yake sayarwa a ofis, magana ba ta yi masa wuya ko kaɗan.

Ina durƙushe da sukundireba a baki ya ce, "Yaya, ko dai ba rashin ƙarfi ba ne?" Wai sababbin wayoyi a ɗaure suke ajiye bidiyo, ƙulli-ƙulli, sai inji ya kwance kowane hoto kafin ya nuna shi. Wai injinan yanzu suna da ɗan sashe na musamman da ba ya aikin komai sai kwance wannan ƙullin, nawa kuwa da ƙarfin tsiya yake yi shi ya sa yake haki. A waya ya karanto. Ni da na tsufa a cikin kwamfuta, ni zai karanto wa waya! Abin da ya fi ƙona mini rai, Baba sai gyaɗa kai yake yi kamar ya gane.

Asabar, 6 ga Satumba

Na samo katin hoto wurin maƙwabcina na shago, irin na masu wasan gem, ƙato, fanka biyu. Tsohon yayi ne amma namiji ne. Sai da na canja masa gidan wuta, murfin akwatin ma ya ƙi rufuwa, na bar shi a buɗe. Na ce yau za a ga wanda ya iya.

Ya ɗan rage tsayawa, wannan gaskiya ne. Amma da bidiyo ya yi nisa sai fankokin suka tashi. Baba ya kama kunne ya ce, "Injiniya, jirgi ne zai tashi a falona?" Dama kunnensa ya yi nauyi, muryar Mama kuma a kwanakin jinyar ta yi ƙasa sosai. Yana ganin bakinta yana motsi, ba ya jin komai sai wuuu. Na ƙara sauti, sai hayaniyar titi ta cikin bidiyon ta cika ɗaki. Ya ce in kashe haka nan, na gaji. Ni ban gaji ba, amma na kashe.

Lahadi, 7 ga Satumba

Ban je ba. Shi ma bai kira ba.

Talata, 9 ga Satumba

Auta ta bugo, tana ta zagaye-zagaye, ya yara, ya aiki, ya ciwon bayan. Na ce ke, faɗi abin da ya kawo ki. Ashe mijinta ya yi odar wani ɗan akwati, wai bai fi tafin hannu ba, ko fanka babu. "Don Allah Yaya kar ka ji haushi, taimako ne kawai." Haushin me? Na ce mata ya kawo, mu ga yadda kwalin ashana zai yi abin da katina ya kasa.

Da na ajiye wayar na ɗaure sukurun laftof ɗin mutane har ya zarce.

Juma'a, 12 ga Satumba

Ya yi. Bari in rubuta shi a fili tunda ba mai karantawa: kwalin ashanar ya yi. Mai Turare ya jona, ya danna, Mama ta ɗaga hannu ta gyara ɗankwali ta sauke, tas, babu tsayawa. Shiru a ɗakin, har numfashinta ana ji. Baba ya matso da kujera gaban talabijin ya kafa ido.

Can ya waiwayo, ba wajena ba, ya ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka, Injiniya."

Injiniya! Tun ina ɗan sakandare, ranar da na gyara masa rediyo, yake kirana da wannan sunan. Ba wanda ya taɓa raba ni da shi a gidan nan. Mai Turare ya sunkuyar da kai yana murmushin nan nasa, wai "A'a Baba, ai Yaya ne injiniya." Wannan ladabin ma haushi yake ba ni. Da zan fita na ga akwatina a baranda, an lulluɓe shi da tsohon tawul, an ɗora fulas a kai.

Asabar, 13 ga Satumba

Maman yara ta ce tun jiya fuskata a murtuke. Na ba ta labari, ina jira ta taya ni faɗa, sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Wallahi kishi kake, gemai-gemai da kai." Na ce kishin wa, mai sayar da inshora? Ta ce to bidiyon ya gyaru ko bai gyaru ba? Na ce ba wannan ake magana ba. Ta ce ai kuwa shi Baba wannan yake magana.

Kishin nake, to. Ni na yi zaman asibiti, ni na riƙe wayar, ni na ɗauki hoton. Shi ko sau ɗaya bai taɓa ganin Mama da rai ba, ya zo da kwalinsa ya kwashe albarkar.

Litinin, 15 ga Satumba

Ba ciniki da safe, sai na zauna na bincika da kaina. Katin da na saka ya girmi salon ɗaurin bidiyon, bai san shi ba sam, shi ya sa firosesa, zuciyar injin, ke ɗaukar nauyin duka. Abin da ya kamata in duba kafin in saya layi ɗaya ne a jikin kwali: yana kwance wannan salon da kansa ko ba ya yi. Ni kuwa girman fanka na duba. Idan don kallo ne kawai, ba a neman ƙato, mai shiru ake nema wanda ya san yaren bidiyon.

Ba zan gaya wa Mai Turare ya yi gaskiya ba ko za a yanka ni.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ɗan kwalin ya fara tsayawa! Daga bakin Auta na ji, don ni ba a kira ni ba, shi aka kira. Cikinsa ƙarami ne, bai ɗauke manyan bidiyon ba, sai Mai Turare ya jona diskin da bidiyon ke ciki a jikin rauta, na'urar intanet, a ɗakin baya, akwatin yana janyowa ta wayafai. Gajerun suna wucewa, dogayen sai da'ira ta fito tana juyawa a kan fuskar Mama. Ya je ya yi ta danne-danne, ya kasa.

Allah ya yafe mini, murna na yi. Har waƙa na kama yi a shago. Tun kafin ta gama bayani na san ciwon: bango biyu ne tsakani, masu kauri, iska ba za ta ɗauko wannan nauyin ba. Kebul ake so, daga ɗakin baya har falo. Ga shi nan a naɗe a ƙasan tebur ɗina, ina kallonsa. Na ce mata Allah ya sawwaƙe, na ajiye waya.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na biya na gaida Baba. Yana zaune gaban talabijin a kashe, rimot a cinya. Bai ce in duba ba, ni ma ban ce zan duba ba. Ya tambayi yara. Ya rame, ko idona ne.

Tir da ni.

Asabar, 20 ga Satumba

Na ɗauki kebul da injin huda bango na tafi. Na same su duka, Auta da mijinta. Ban yi dogon bayani ba, na ce masa riƙe mini tsani. Ya cire agogo ya riƙe, ƙura ta zubo masa a gashi da farar riga. Na ji daɗin wannan ƙurar, ba zan ɓoye ba.

Na jona. Baba ya ce a sa dogon, wanda bai taɓa kaiwa ƙarshe ba. Ni ma tun da na ɗauka ban kalle shi ba. Ya tafi sumul. Mama a kujerar baranda, bargo a ƙafa, tana ɓare lemo a hankali. Sai wata murya ta fito daga bayan waya: "Ma-ma-mama, ki-ki-ki ka-kalli..."

Mai Turare ya zabura. "Kash, yanzu kuma sauti ne ke tsayawa!" Ya fizgi rimot ya mayar baya. Ma-ma-mama. Ya shiga saiti, ya canja wani abu, ya sake mayarwa. Ma-ma-mama. Auta tana ta mintsininsa, shi ko a jikinsa, wai "Yaya, ko kebul ɗin ne bai zauna ba?" Na buɗe baki in yi magana, harshena ya ƙi. Ban ma san in'inar ta dawo mini haka a kwanakin jinyar ba.

Baba ya ce, "Ango, ajiye rimot. Wannan ba akwati ba ne, yayanku ne."

Ya ajiye. Bidiyon ya ci gaba. Ina ta fama da kalma ɗaya, ita kuma ta daina ɓare lemon, ta ɗago tana kallona tana jira. Sai ta ce, "Bi a hankali. Ba inda za ni."

Can Baba ya ce, idonsa a kan talabijin, "Ita kaɗai ce ba ta taɓa ƙarasa masa magana ba. Ni kullum sai na ƙarasa masa, don ba ni da haƙuri." Ya miƙo hannu ya dafa gwiwata ya bar shi a nan har bidiyon ya ƙare.

A waje Mai Turare ya biyo ni har wajen babur. "Yaya, wallahi ban... ni ban san... da na..." Ya kasa haɗa jimla ɗaya, mai bakin nan. Na ce masa ya je ya wanke kansa, ya yi fari fat.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ya turo saƙon ban haƙuri mai tsawo. Na amsa da ba komai. Ya sake turowa, wai in na samu lokaci in ba shi labarin Mama, Auta kuka take yi in ya tambaya. Ban amsa wannan ba tukuna.

Laraba, 24 ga Satumba

Wani kwastoma ya zo yana son a haɗa masa akwatin kallo na falo, wai ƙato mai ƙarfi. Na ce masa kallo za ka yi ko noma? Na zaɓar masa ƙarami marar fanka, na nuna masa layin da ake dubawa a kwali, na ce kuma sai da kebul. Sai da na tambayi mijin Auta lambar samfurin akwatinsa, don kar in yi ta nema.

Da la'asar Baba ya bugo, wai rimot ya rikice, in zo in kunna masa dogon. Maɓalli ɗaya ne, kuma ya iya, da idona na ga ya iya. Na ce ga ni nan. Na gaya wa mijin Auta ya same ni a can, akwatinsa ne, in da matsala ya gani da idonsa. In ya zo da wuri wataƙila in gaya masa yadda Mama take yi mana faɗa a kan takalma a ƙofa. Na tsaya a hanya na sayi ruwan sanyi, har da nasa.