Motar Baba da za ta kai autarmu Ruwan Godiya

Daga Admin: wani ɗan uwa ne ya turo mana wannan ta inbos, ya roƙi a sakaya sunansa. A yi masa magana mai daɗi.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, manyanmu da ƙanananmu. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi abinci ma sai dai in tura don kar Inna ta gane.

Ni ɗan Ƙanƙara ne, ni ne babba a cikin maza a gidanmu, ina sayar da taki da maganin feshi a bakin kasuwa. Mahaifina yana da wata mota, ba zan faɗi sunan kamfaninta ba don ina faɗa an gane gidanmu, ita kaɗai ce irinta daga nan har Faskari har Sabuwa. Irin motocin manya ce na Turai, doguwa, kujerun fata, gabanta har da adon katako. Ya saye ta ta hannu lokacin da yake fataucin auduga a Daudawa, ina firamare. Fataucin ya mutu tuntuni, yanzu Baba gona ce kawai da 'yan tumaki, wata shekarar ma masarar ba ta kai mu wata kakar. Amma motar na nan a rumfa, kullum da hantsi da kansa yake goge ta, ko jikokinsa ba sa jingina da ita.

Abin da ya sa ta wuce mota a wurinmu, duk yarinyar da za a aurar a zuri'armu a cikinta ake kai ta ɗakin miji. Yayyena mata, 'ya'yan baffanni, har na maƙwabta in iyayensu sun zo sun roƙa. Mata har gori suke wa juna a gidan biki, ke a motar Alhaji aka kai ki ko a bayan mashin. Tun da idon Baba ya yi rauni ni nake jan ta.

To da Babbar Sallah ɗan baffana da ke aiki a Abuja ya zo gaida Baba, ya buɗe waya yana nuna masa labarin kamfanin. Wai kasuwa ta juya musu baya, motocinsu ba sa tafiya, shugabanninsu sun rasa inda za su dosa. Wasu na cewa a daina ta mai gaba ɗaya a koma ta lantarki, a yi kaɗan masu tsadar gaske don attajiran duniya, wasu na cewa a'a, a sauko a yi wadda mai albashi zai iya saye, wasu kuma na cewa ƙarshenta sayar da kamfanin za a yi. Baba ya ji zafin labarin kamar an ce masa amininsa na kwance asibiti. Sai shi ɗan baffan nawa, don ya kwantar masa da rai, ya ce ai a can idan kamfani ya daina yin mota, tsofaffin tsada suke yi, Turawa nema suke suna ajiyewa. Ya faɗa yana dariya, ya ci namansa ya koma Abuja ya bar mu da masifa.

Ku zo ku ga Baba a majalisarsu ta ƙofar masallaci. Ya zama shi ne mai ba kamfanin shawara. Kullum zancen ke nan, su bar wannan haukan na lantarki, mutumin da ke ganin wuta sai an yi sa'a da mi zai cika mota, su koma yin irin tashi mai ƙarfe da nauyi su ga in ba su farfaɗo ba. In ya gama sai ya rufe da cewa ko sun tashi ko sun faɗi shi dai ya ci riba, tunda tashi ta zama abin nema. Da farko dariya nake yi, wallahi har tsokanarsa nake in ce Baba ko mu rubuta musu su ɗauke ka manaja.

Dariyar ta tsaya ran kasuwa. Ina shago wani mai sayen taki daga wajen Sabuwa, ban taɓa ganinsa ba, yake ba na kusa da shi labari wai akwai wani Alhaji a garin nan da Turawa suka yi wa motarsa tayin kuɗin da zai sayi rabin kasuwar nan ya ƙi. Bai san ni ɗansa ba ne. Kafin la'asar na ji wani yana cewa ai an ma riga an biya, kuɗin na cikin gida. Innalillahi. Duk wanda ke zaune a yankin nan ya san abin da irin wannan magana ke jawowa, ba sai na yi bayani ba, kuma ba ka san wanda ke kai rahoto daji ba, yana iya zama wanda kuka sha shayi tare da safe. Bayan nan wasu mutum biyu a kan mashin suka tsaya ƙofar gidanmu suka tambayi matata ko nan ne gidan mai motar, ta ce ba ta sani ba ita baƙuwa ce, suka leƙa rumfar suka wuce. Tun ranar ko ƙarar mashin na ji a layinmu sai gabana ya yanke ya faɗi.

Abin takaicin, motar nan ba ta da wata daraja a kasuwa. Bakanikenta na Funtuwa, Malam Idi, ya gaya mini gaskiya, kayanta sun daina shigowa tun kafin wannan labarin, dilolin Kaduna da Kano sun ce ba sa sa kuɗinsu a kayan kamfanin da ba a san gobensa ba. Famfon man da ke cikinta yanzu na wata mota ne ya yi wa dabara, in ta yi zafi sai ta mutu, sai an jira ta huce. Ya ce in aka kai ta kasuwa 'yan gwangwani masu sayen tsohon ƙarfe ne kawai za su taya.

Ga shi Asabar mai zuwa za a kai autarmu Bilki ɗakinta a Ruwan Godiya. Auren so ne, kowa na murna, yanzu ma da rana ake kai amarya saboda halin da ake ciki. Na samu Baba na ce a ɗauki shatar ƙananan motocin haya irin waɗanda kowa ke shiga, ba mai kallonsu. Ya ce ba a taɓa yi ba kuma ba a kan autarsa za a fara ba. Na gaya masa zancen kasuwa da na masu mashin, ya ce tsoro ya yi mini yawa. Na ɗaga murya, Allah ya yafe mini, na ce motar da ko 'yan gwangwani sai sun yi mata rowa ita za mu ba da rayukanmu a kanta, ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Inna ta yi kuka ta yi roƙo. Uban angon ma ya aiko cewa don Allah a zo a sauƙaƙe, su ba mota suke aure ba. Baba ya ce duk wanda ya taɓa motar nan ba da izninsa ba bai yafe ba. Ita kuwa Bilki na ji tana gaya wa matata a ɗaki wai ita kaɗai ce za a kai kamar marar gata.

Malam Idi ya ba ni wata dabara. Akwai wani ɗan akwati da suke kira ƙwaƙwalwar mota, ya ce in cire shi in ɓoye, ba za ta tashi ba, sai a ce ta lalace. Amma ya gargaɗe ni, wayoyinta sun tsufa sun bushe, in na cire ba lalle ta sake tashi ba har abada, kuma ba inda za a samo wani. Ga Baba da hawan jini. Ga kalmar ban yafe ba da ya riga ya furta. Kuma ko na yi hakan, zancen kuɗi na nan yana yawo a kasuwa.

Na riga na yanke zan cire, sai jiya bayan la'asar ya kira ni rumfar. Na zaci faɗa ne. Ya miƙo mini makulli ya ce in duba mai da ruwa, sannan ya ce shi ma za shi, gaba zai zauna kusa da ni da babbar rigarsa. Na ce Baba ina aka taɓa ganin uba ya bi 'yan kai amarya. Ya ce, “Kana gani ban san abin da ake faɗi ba? Bakina ne ya jawo, na sani. In sun tare mu mai motar suke nema, in ce ga ni, kai ka wuce da ƙanwarka.” Ashe har ya gaya wa Inna inda iyakar gonarsa take da ta baffa, wai don kar a yi rigima a bayansa. Na zauna a ƙasa ina kuka kamar yaro, shi kuma ya ci gaba da goge gilashi.

Jama'a ku gaya mini don Allah, musamman malamai da ke cikin gidan nan da waɗanda suka san hanyar. In cire akwatin in yi wa mahaifina ƙarya, in ɗauki rashin yafiyarsa amma ya kwana a gida? Ko in yi masa biyayya in ja motar, alhali na san abin da ya shirya? Wallahi ni ban iya tuƙa ubana da hannuna in kai shi inda zai ce ga ni ba.