Malam a Tagar Ɗakin Kati

Litinin, 2 ga Yuni

Fayil ɗari da goma sha huɗu na fitar yau. Ba wanda ya sa ni ƙirgawa, kaina ne ba ya iya zama haka nan. Shekara goma sha shida ke nan ina ɗakin katin asibitin nan, ina karɓar lamba ta taga, ina zaro fayil daga kanta. Abokiyar aikina, wadda muke ce wa Rediyo don bakinta ba ya mutuwa, ta ce ko gobara ta cinye ɗakin ba asara, tunda duk lambobin suna kaina. Ta yi dariya, na taya ta. Kan da aka ce zai yi wa mutane tiyata, ga kayan da ya ƙare da ɗauka.

A gida har yanzu Dakta suke ce mini. Tun ina firamare sunan ya manne. Ko ɗazu da Yaya ta kira, da shi ta gaishe ni. Ba da mugunta ba. Da ma da mugunta ne, da na san abin yi.

Talata, 3 ga Yuni

Malam ya zo. Malaminmu na lissafi a sakandare, wanda yake yawo da takardar jarrabawata aji-aji yana nuna wa yara. Ya tsufa, ya rame, 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Layin masu hawan jini aka sa shi, ke nan duk Talata zai riƙa zuwa.

Muryarsa na fara ji, yana karanto lambar katinsa dalla-dalla yadda yake karanto mana tambaya a aji. Ban san lokacin da na tsinci kaina a bayan kanta ta bakwai ba. Na ce wa Rediyo wani fayil nake nema. Mace mai shekara arba'in da ɗaya, uwar yara uku, a laɓe kamar wadda ta yi sata.

Shi ne ya tsaya gaban iyayenmu ranar da muka gama makaranta ya ce su riƙe sunana, za su gan shi a jarida. Ba zan iya jure ya gan ni ta wannan tagar ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Ba abin da ya same ni, shi ne abin haushin. Baban yara mutumin kirki ne, yara lafiya, asiri a rufe. Amma da safe sai in zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa ɗaya, ina tambayar kaina duk wannan na mene ne. Ka ci, ka yi aiki, ka tsufa, a zare fayil ɗinka a ja masa jan layi a kai ɗakin ƙasa. Ni nake jan layin, na san yadda ake yi. Na san wannan tunanin butulci ne, na yi istigfari, amma nauyin yana nan a ƙirjina.

Asabar, 7 ga Yuni

Ban yi wanka ba sai la'asar. Na ce musu kaina ke ciwo.

Talata, 10 ga Yuni

Na sake ɓuya. Rediyo ta harbo jirgina, ta ce in tsohon saurayina ne in faɗa mata, ba za ta gaya wa kowa ba sai mutum goma. Ban ko murmusa ba.

Da aka dawo da fayil ɗinsa na buɗe na karanta, abin da aka hana mu. Na gane komai, har abin da likitan bai fito fili ya rubuta ba. Ƙodarsa ce. Ba zai daɗe yana zuwa ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Bari in rubuta sau ɗaya, ko takarda ta ji.

Kowa ya san rasuwar Baba ce ta fitar da ni daga makarantar likitanci. Haka na gaya wa Yaya, haka na gaya wa baban yara kafin aurenmu. Ƙarya ce. Na daina shiga aji wata biyar kafin Baba ya rasu, ina kwana a ɗakin ɗalibai ana zaton karatu nake. Jarrabawa ɗaya na faɗi a shekara ta uku, faɗuwar farko a rayuwata. Mu goma sha ɗaya muka faɗi, aka ba mu damar sakewa, goma suka sake. Ni ma na shirya, na je har ƙofar zauren da birona a hannu, sai na juya. Na ga in ban shiga ba, ba mai cewa na kasa sau biyu.

Ɗaya daga cikin goman nan yanzu babbar likita ce. Ni nake yi mata bitar karatu a lokacin, ba ta ganewa sai na maimaita sau uku. Ina jin kunya, kuma ina jin hassada, ga shi na faɗa.

Talata, 17 ga Yuni

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rediyo ba ta zo ba, mijinta ba lafiya, ni kaɗai ce a taga. Tun daga nesa na hango shi a layi, mutum shida tsakaninmu, sannan huɗu, sannan biyu.

Na durƙusa daga ciki na gaishe shi, ko ba ya gani. Ya kira ni da sunana na yanka, wanda na daɗe ban ji a bakin kowa ba. Ya ce tun zuwansa na farko ya hango gefen mayafina a bayan kanta, ya hana 'yarsa magana, ya ce a bar ni sai na shirya. Na fara kame-kame, ina kawo zancen Baba. Ya ɗaga hannu yadda yake yi in ɗalibi ya ɗauko hanyar da ba za ta fita ba.

"Ban tambaye ki wannan ba. Lafiyarki ƙalau?"

Na ce ƙalau. Ya daɗe yana kallona.

"Ƙarya ba ta taɓa karɓar ki ba," in ji shi. "Mu ne da laifi, 'yata. Mun koya miki komai, ba mu koya miki yadda ake faɗuwa ba. Kina nan kina fitar wa kowa kati. Ke wa yake duba ki?"

Na baya suka fara ƙorafi layi ba ya tafiya. Na miƙa fayil ɗin, 'yarsa ta ja shi suka wuce. Na sallami sauran mutum arba'in hawaye na zuba, wata tsohuwa har ta ce in nemi maganin mura.

Shekara ashirin ina tsoron ya ce na ba shi kunya. Ashe da ya faɗi hakan da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 20 ga Yuni

Baban yara ya ce kwana biyu na yi shiru da yawa. Na ce akwai maganar da zan gaya masa, ba yau ba. Ya ce yana nan.

Litinin, 23 ga Yuni

Cikin sababbin katin da aka buɗe yau akwai ɗaya na ɓangaren masu ciwon damuwa, ranar Alhamis, ƙarfe goma. Da na zo wajen suna hannuna ya tsaya, sannan na rubuta nawa.

Ban ce zan je ba. Kati ne kawai, kullum muna buɗe wa mutane ba su zo ba. Na dai roƙi Rediyo ta riƙe mini taga ranar Alhamis da safe. Ta ce to, ba ta tambaye ni komai ba, ita da ba ta iya shiru ba.