Alluran Inna

Litinin, 5 ga Mayu

Baba mai shago ya ajiye aiki, ciwon ƙafa ya hana shi hawa matakala. 'Yarsa ce a kujerarsa yau. Ta tara mu ta ce kada wanda ya ƙara miƙewa in ta shigo, kada a ce mata ranki ya daɗe, a ce Anti kawai. Kawu mai guga ya ba ta shekara talatin, shi ma Anti zai ce? Ya amsa da to, amma na ga yadda ya taɓe baki.

Murmushinta ya yi yawa. Ban san me ke bayansa ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba sai littafin nan: Inna ba ta ganin kafar allura. Tun bara.

Shekararta sha tara a teburin gyara. In aka kawo riga mai ƙuna ko yagewa, sai ta zaro zare daga cikin kalmasar rigar kanta, ta saƙe ramin da shi, mai rigar ya yi ta juyawa bai ga wurin ba. Hannun yana nan yadda yake, idon ne ya gaji. Shi ya sa da na gama firamare ta ce wa Baba zan zauna kusa da ita in koya. Ni ke zura mata zare, a kan cinyata, ƙarƙashin teburi. In ta taɓa ni da gwiwa, in miƙa. Baba bai taɓa lura ba, ko ya lura ya yi shiru. Anti kuwa ko maɓalli ya faɗi sai ta juyo.

Asabar, 10 ga Mayu

An ɗauki sababbi uku. A da mutum zai kawo ɗan ƙanensa, Baba ya duba tafin hannunsa, ya tambayi ɗan gidan waye, shi ke nan. Anti ta ce mai son aiki ya turo bidiyon abin da ya ɗinka. Waɗannan ba dangin kowa ba ne. Ranar farko suka tambayi ƙarfe nawa ake tashi, kuma akwai hutun rana? Kawu ya ce shi shekara ashirin bai san ana tambayar wannan ba, ashe shi ne sakarai.

Ɗaya tana yini da abin jin waƙa a kunne. Sau uku Kawu ya kira ta ba ta ji ba, ya sa mata Kurma. Ta ce sunan ya yi mata.

Kujerun shagon nan tara ne. Mu yanzu sha biyu ne. Lissafin nan dai na iya shi.

Talata, 13 ga Mayu

Anti ta miƙo min wayarta, wai in ɗauki bidiyon hannun Inna yana aiki. Ta ce mutanen yanzu ba sa karanta allon bakin ƙofa, a waya suke ganin shago. Na kalli ƙasa. Ta ce ai ni ce kusa da Inna, ni ta fi sakewa da ni.

Ɗayan biyu ne. Ko tana so sababbi su koya a bidiyon sannan a sallami Inna, ko ta fara zargin idon tana neman shaida.

Na ɗora babban yatsa a kan idon wayar. Minti huɗu na duhu.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yau kuma na yi ta karkata wayar, ƙafar teburi kawai aka gani. Kurma ta yi dariya ta ce in kawo ta ɗauka. Na ce a'a. Maganata ta farko da ita ke nan, kuma da ƙarfi ta fito, har Kawu ya ɗaga kai daga guga.

Juma'a, 16 ga Mayu

An kai teburin maɓalli sito. Mai maɓalli ta koma ninke kaya. Saura mu.

Talata, 20 ga Mayu

Na shiga sito ɗauko yadi, na ji Anti a bayan ƙofa tana waya da Baba. Tana cewa teburin gyara babu mai kawo masa kaya sai tsofaffi, matasa zubar da rigar suke in ta yage don ba su san ana gyarawa ba. Ta so ta nuna musu, sau biyu bidiyon yana lalacewa. In wata ya ƙare haka, keken ɗinki za ta sa a wurin.

Sai ta ce, "Yarinyar ce ba ta so, Baba, kuma ba zan tilasta mata ba."

Ashe ta san da gangan ne. Ko kuwa ta san ina sito, don ni ta faɗa? Har yanzu ina juya shi.

A hanyar gida na gaya wa Inna duka, har da yatsan. Da muka tsallaka babban titi, ina riƙe da hannunta, sai ta ce:

"Ki ɗauka daidai, Auta. In za a kore ni, a kore ni ina aiki, ba ina ɓuya ba."

Alhamis, 22 ga Mayu

Rigar Kurma muka yi, ƙusa ta yaga mata a kafaɗa. Na riƙe waya da hannu biyu, komai na tafiya daidai. Abin da ban tuna ba: wa zai zura zare? Zaren ya ƙare. Inna ta zaro wani daga kalmasa, ta kai bakin allura, ta kuskure. Ta sake, ta kuskure. Gwiwarta ta taɓa ni.

Na jingina wayar da kwalbar ruwa, na karɓa na zura na mayar mata. Duk ya shiga.

Na san inda ake gogewa, Kurma ta nuna min jiya. Na daɗe ina kallon wurin. Ban danna ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Sau biyu Anti ta kalli bidiyon a gabanmu. Da aka zo wurin allurar ta tsayar, ta ja kujera kusa da Inna, ta rage murya.

"In yanke nan, Inna?"

Inna ta tambaye ta tun yaushe ta sani.

"Tun ina 'yar makaranta kike gyara min siket. A da ba kya kallon allurar ma kike zurawa."

Inna ta ce a bar shi yadda yake. Ni ba wanda ya tambaye ni.

Laraba, 28 ga Mayu

Anti ta sa bidiyon a intanet. Mutum bakwai tun shekaranjiya, duk matasa, kowa da yagaggen abinsa a leda. Wata ta shigo tana tambayar ina uwa da 'yar nan na bidiyo. Na gudu sito na zauna a kan yadi har ta tafi.

Kawu ya gyara gemu. Yana ta zagaya Kurma ko za ta ɗauke shi bidiyo, yana cewa guga ma sana'a ce, in mutum yana da ido. Ta ciro abin kunnenta ɗaya ta ce me ya ce.

Litinin, 2 ga Yuni

Wata ya ƙare. Teburinmu yana nan.

Anti ta ba ni takardar ɗaukar aiki, da sunana a kai. Wai kowa da bidiyo ya shigo, ni ma nawa ya iso. Ban sa hannu ba. Na kai wa malamar makwabtanmu ta karanta min sau biyu, ta ce babu komai a ciki. Gobe zan sa ta ƙara dubawa. Mai maɓalli har yau ninke kaya take, ban manta ba.

Yau a kan teburi na zura alluran. Haske ne kawai ya fi a nan.